Hoton da Na Ce Na Goge

Shekara bakwai ke nan cif da aka kira ni daga wani tsibiri na ƙasar Indunusiya aka ce Lawali ya rasu. Ina tsaye ne a layin karɓar magani a wani asibiti da ke Ma'adi, riƙe da takardun wani dattijo Bakatsine da nake yi wa tafinta, don sana'ata ke nan a Alƙahira: in raka marasa lafiyarmu wajen likita in juya musu Larabci. Wanda ya kira ni Ridwan ne, tsohon abokin zamanmu, mutumin tsibirin. Ya ce zazzaɓi ne na kwana biyar, an sallace shi bayan la'asar, an kuma binne shi a maƙabartar garinsu. Na yi salati, na miƙa wa dattijon maganinsa, na raka shi har cikin tasi. Sai da motar ta tashi na nemi wuri a bakin titi na zauna.

Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa. Bana na zauna, domin akwai wata ƙarya da na yi masa wadda na gaji da dakonta, kuma bana ne ta kawo ni inda ba ni da wurin gudu.

Ni da Lawali 'yan Damagaram ne, unguwarmu ɗaya. Karatun addini ya kawo mu Masar, muka sauka a wata shaƙƙa, wato gidan haya a bene, a unguwar Hay el-Sabi', mu biyar a ɗaki biyu, har da Ridwan. Babban ruwan da muka sani kafin nan shi ne tafkin bayan gari, wanda damina ke cikawa rani ya shanye. A shekararmu ta biyu ɗalibai suka shirya tafiya Iskandariyya, ranar muka fara ganin teku. Ni na leƙa, na ce masha Allah, na tafi neman inda ake soya kifi. Da na dawo na tarar da Lawali inda na bar shi, takalma a hannu, ƙafar wando ta jiƙe sharkaf. Na ce, "Malam, yalla, mu tafi, jirgin ƙasa zai bar mu." Bai ko juyo ba ya ce, "Idi, ka lura babu igiyar ruwa biyu da suka zo iri ɗaya?" Na ce masa ruwa ne dai, mu tafi.

Daga ranar aka rasa kansa. Ya sayi tsohuwar kyamara a kasuwar Ataba. Ya shiga koyon iyo, ƙato da gemunsa, a tsakiyar yaran Misirawa suna yi masa dariya yana taya su. Ya riƙa fita bayan sallar asuba yana ɗaukar hoton kogin Nilu, da dutsen Muƙaɗɗam, da tuddan rairayin Fayyum. Mu muka ɗauka shiririta ce da za ta wuce. Sai ga shi masu buga kalanda suna nemansa, masu otal da ɗakunan likitoci suna rataye hotunansa a bango. Har yau akwai ɗakin wani likitan ƙashi da nake kai marasa lafiya, in na shiga ba na son ɗaga kai, don hoton Lawali ne a saman kujerar jira.

Sai dai yana da wata ƙa'ida da ya riƙe tun daga darasin fiƙihu: ba ya ɗaukar hoton abu mai rai. Ya san malamai sun saɓa a kan hoton kyamara, ya ma fi masu yi masa musu sanin hujjojin waɗanda suka halatta. Bai taɓa cewa wani ya yi laifi ba. Abin da yake faɗi kawai shi ne, "Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba." Idan tsuntsu ya gifta masa sai ya jira ya wuce. Shi ma ba ya tsayawa a ɗauke shi, ko a walima ko a ranar salla, in ban da hoton fasfo da na iƙama, wato takardar izinin zama, waɗanda ya ce larura ce. Su ma ɗaure fuska yake yi tamau, kamar wanda aka kama da kayan sata.

Da Ridwan ya gama karatu ya koma gida, sai ya gayyaci Lawali. Iyayensa suna da 'yan ɗakunan baƙi a bakin teku. Ni ban taɓa zuwa ba, amma na san tsibirin nan kamar na yi noma a cikinsa, saboda hotuna da surutun Lawali. Itatuwan kwakwa sun sunkuya kan ruwa. Gonakin shinkafa sun sauko daga kan tudu hawa-hawa. Can baya akwai wani dutse da ke fitar da hayaki, mutanen garin ko a jikinsu. Sai igiyar ruwan, wadda ya rantse mini wata takan kai tsayin bene, ta taso kore shar, ta lanƙwaso ta yi rumfa kafin ta fashe. Saboda ita Turawa da wasu ke zuwa daga ko'ina da dogayen alluna, su hau kanta a tsaye suna zamiya har ta kai su gaɓa. Kuma kowane ɗayansu babban burinsa a ɗauke shi hoto yana cikin rumfar nan.

Lawali kan sa kyamara cikin wani akwatin roba da ruwa ba ya shiga, ya ɗaure a wuyan hannu, ya yi iyo har inda igiyar ke karyewa, ya yi ta shawagi a wurin awa biyu, awa uku. Ya ce mini igiya ayari-ayari take zuwa, sai ka ƙirga, ka san wadda ke gaba da wadda ke biye, ka san lokacin nutsewa don kada ta maka ka kan duwatsun ƙasa. Duk wannan wahala yake sha, amma da zarar mutum ya hau igiyar sai ya sauke kyamara, ya jira wadda ba kowa a kanta.

Ridwan ya ba ni labarin wani Bature da ya yi mako uku yana jiran irin igiyar da yake so. Ranar da ta zo ya shige rumfarta ya fito a tsaye, jama'a a gaɓa suna ihu. Ya yi iyo zuwa wajen Lawali, ya ce a nuna masa. Lawali ya juya masa kyamara, sai ga igiyar da ta biyo bayan tasa, kyakkyawa, fayau, babu kowa. Baturen ya zazzaga masa ashar iri-iri. Lawali ya ce masa ma'alish, wato ya yi haƙuri. Ridwan ya ce ranar kamar ya ciji yatsansa ya cire, don baƙon iyayensa ne. Ni ma da ya dawo ban raga masa ba. Na ce, "Haba Malam! Ka ƙetare rabin duniya, ka sha gishiri ka ƙoshi, ka dawo mana da ruwa zalla?" Ya yi dariyar nan tasa har wushiryarsa ta bayyana, ya ce, "Su sun zo ne a gan su. Ni na zo in gani." Mahaifiyarsa ma, Allah ya jiƙanta, da ta ce ya aiko mata hoto ta ga yadda ya koma, teku ya aika mata. Ta kira ni tana tambaya, wai duk wannan ruwa haka yake zube babu mai ban-ruwa da shi?

Abin mamaki, igiyar nan da ba kowa a kanta ita ta yi masa suna. Masu mujallu na ƙasashen waje suka riƙa neman ta, har ma su masu hawan, don kowa in ya kalla sai ya ga kamar shi take jira. Da haka ya yi aure. Matarsa Sa'adiyya Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta maniyyata ne da suka yada zango a hanyar Makka ba su ƙara gaba ba. Suka kama shaƙƙa a Hayyin Ashir, Allah ya ba su Nafisa. Watanta goma sha ɗaya ya yi tafiyar da bai dawo ba.

To, ga ƙaryar. Mako biyu kafin tafiyar ya ja ni Iskandariyya don ya gwada sabon akwatin kyamara. Ya shiga ruwa iya gwiwa yana yi mini bayani kamar malami a aji, bayansa ga teku. Wata 'yar igiya da ba ta kai ta kawo ba ta zo ta kwashe masa ƙafafu, ya zauna daɓas. Gwanin da ke shiga ƙarƙashin mai tsayin bene! Ya taso ruwa na zuba daga gemunsa, hularsa na yawo a gefe, yana dariya har da riƙe ciki. Hannuna ya riga tunanina, na ɗaga waya na danna. Ya gani. Dariyar ta tsaya, ya fito ya tsaya gabana ya ce, "Idi, don Allah goge. Amana." Na juya masa wayar, na goge a gabansa. Ya ce, "Khalas?" wato shi ke nan an gama? Na ce, "Khalas." Abin da bai sani ba, sau biyu na danna.

Hoton nan ya bi ni waya huɗu. Ban taɓa nuna wa kowa ba, ko matata. Idan kewarsa ta dame ni nakan buɗe in kalla, in rufe da sauri kamar zai leƙo ta kafaɗata. Sau da yawa na kai yatsa kan wurin gogewa, in kasa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo Alƙahirar yau. Unguwarmu ta cika da gadoji, itatuwan da muke sha inuwa muna jiran ƙananan bas ɗin haya babu su. A harabar masallaci ma kowa ya miƙa hannu yana ɗaukar fuskarsa. Kwanaki wani ɗalibi ya nuna mini igiyar ruwa a wayarsa, kore shar, da rumfarta da komai, ya ce ba wanda ya ɗauka, na'ura ya gaya wa ta zana masa cikin ƙiftawar ido. Na tuna Lawali yana dawowa da fatar hannu a yamutse, ƙafa duk yankan dutse, saboda hoto ɗaya. Raina ya ɓaci, na kusa yi wa yaron faɗa ba laifin komai. Shi kuwa Lawali na san ba zai yi fushi ba. Zai karɓi wayar ya ƙura mata ido, ya tambaya daga wane gefe iska ke busowa a hoton, don shi abin da yake fara dubawa ke nan.

Nafisa yanzu shekararta takwas. Duk Juma'a bayan an sauko nakan biya in gaishe su, in kai ɗan abin da ya sawwaƙa. Bangon falonsu duk igiyar ruwa ce, manya da ƙanana. Fuskar uban kuwa, abin da yarinyar ta sani shi ne ɗan hoton fasfo da uwar ke ajiye a jaka, rabin goshinsa hatimi ya rufe, ga fuskar nan a murtuke. Wata biyu da suka wuce ina shan shayi ta zo ta zauna kusa da ni, ta ce, "Baffa, me ya sa Abbana yake fushi?" Na ce wa ya gaya miki yana fushi? Ta ce ai ta gani. Sannan ta nuna bango da baki ta ce, "Ya ɗauki ruwa da yawa. Ni bai ɗauke ni ko sau ɗaya ba. Ruwan ya fi so."

Sa'adiyya ta kore ta ɗaki, ta ce mini ba yau ta fara ba. Ta sha gaya mata ubanta mutum ne mai fara'a, wanda in yana dariya har maƙwabta sai sun ji, amma yaro abin da idonsa ya gani yake yarda da shi. Har yarinyar ta fara ce wa ƙawayenta gara da ya mutu, mafaɗaci ne. Ina zaune ina ji, maganin abin yana cikin aljihuna, na tashi na yi sallama.

Na yi makonni ina juya abin. In na nuna, na tona cewa na ci amanar mamaci, na kuma yaɗa abin da ya roƙe ni da bakinsa in shafe. In na ɓoye, marainiya za ta girma tana ƙin ubanta a kan abin da bai yi ba. Na tambayi wani abokin karatunmu da ya zama babban malami yanzu. Ya jero mini maganganun malamai a kan hoto, na wannan gefe da na wancan, tsaf. Na yi godiya na fito kamar yadda na shiga, don ni ba hukuncin hoto ne ya hana ni sukuni ba. Kalmar nan ce da ya faɗa a bakin ruwa, amana.

Da na rasa mafita sai na yi dabarar matsorata. Na ce bari in ba yarinyar wani abu nasa ta riƙe, ko zuciyarta ta yi sanyi. Bayan rasuwar, Ridwan ya aiko wani ɗalibi da kayansa: tufafi, da ma'ajiyar hotunansa wadda muka duba tun a lokacin, ruwa ne da duwatsu daga farko har ƙarshe, sai kyamarar. Batirinta ya mutu, abin cajin bai zo ba, Sa'adiyya ta naɗe ta a zane ta ɗora saman kabad, shekara bakwai ba wanda ya taɓa. Na karɓa na tafi Ataba. Sai a shago na huɗu wani tsoho ya tono mini batiri da abin caji daga ƙasan akwati, yana mita wai wa ke amfani da wannan yanzu.

Juma'ar da ta biyo na kunna ta a falonsu, Nafisa tana ɗaki. Hotunan kwanakinsa na ƙarshe suka fito. Na riƙa komawa baya ɗaya bayan ɗaya, Sa'adiyya na tsaye a kaina. Igiya, igiya, dutsen nan mai hayaki da safe, igiya. Ba su da yawa, domin al'adarsa ce kullum in ya kwashe aikin yini ya zuba a ma'ajiya sai ya share katin kyamarar tas. Na kai na farko, sai yatsana ya tsaya.

Jaririya ce kwance a kan bargo, ta kama babban yatsan ƙafarta tana kai wa baki, tana kallon mai ɗaukar. Hasken taga ya sauka a gefen fuskarta yadda Lawali kaɗai ya iya jiran haske. A kusurwar hoton ga 'yar alamar makulli, wato ya kulle shi don kada ya gogu. Kwanan watan da ke jiki na safiyar da ya tafi ne. Wata biyu yana share katin nan kullum, wannan yana nan. Bai kuma taɓa zuba shi a ma'ajiya ba, inda wani zai iya gani.

Sa'adiyya ta zauna a ƙasa. Can ta ce, "Ina kicin ina ɗaura masa yaji. Na ji ya tura ƙofar ɗaki, na ɗauka kaya yake canzawa." Na ciro wayata, na gaya mata abin da na yi a Iskandariyya tun daga farko, ban rage komai ba, na miƙa mata. Ta daɗe tana kallo, hawaye na zuba tana murmushi. Ta ce, "Yaya Idi, ashe ku biyun ɓarayi ne. Allah ya yafe muku." Sannan ta ɗaga murya ta kira Nafisa.

Na jaririyar muka fara nuna mata. Uwar ta ce, "Ke ce. Shi ya ɗauka, ya tafi da ke." Yarinyar ta ƙura wa hoton ido. Da aka ba ta wayar sai ta kai ta dab da hanci, ta buɗe hoton da yatsu biyu har bakinsa ya cika fuskar wayar. Ta sa harshe a tsakanin haƙoranta na gaba. Ta ce, "Baffa, irin haƙorana gare shi!" Na ce a'a, ke ce mai irin nasa. Ta ce me ya ba shi dariya haka? Na ba ta labarin 'yar igiyar da ta zaunar da shi, ta sa na maimaita sau uku.

Ba zan ce Lawali ya sauya ra'ayi ba, ba ni da wannan hurumin. Mutumin da ya kulle hoto ya ɓoye shi ko ga matarsa, ina jin bai daina ganin abin da nauyi ba. Ya dai auna nauyin da wata biyu ba tare da fuskar 'yarsa ba, ya ɗauki wanda zai iya ɗauka, ya bar sauran tsakaninsa da Ubangijinsa. Shekara bakwai ina ganinsa kamar dutse, ina ganin kaina mai rauni. Yanzu na san shi ma ya tsaya da yatsa a kan wurin gogewa ya kasa, kuma wallahi ban taɓa jin ƙaunarsa kamar yadda nake ji yanzu ba. Wannan bai wanke ni ba. Ya ce in goge, na ce na goge. Ina roƙon Allah ya haɗa mu inda zan nemi gafararsa baki da baki, in ya ga dama ya yi mini dariya.

An wanke hotunan biyu. Sa'adiyya ta ce ba za a rataye su ba, bangonsa zai zauna yadda ya bar shi. Suna cikin ambulan a durowar Nafisa, ita ke riƙe da makulli. Kalandun da suka ɗauki hotunansa sun daɗe da ƙarewa, mujallun ma wa ya san inda suke. Ridwan ya ce kabarin yana kan tudu, ana jin ƙarar igiya daga wurin, kuma har yanzu tsofaffin masu hawa kan tambayi labarin baƙin mutumin nan da ke sauke kyamara. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.

Juma'ar da ta wuce na tarar da Nafisa tsaye gaban babban hoton falo, hannu a baya, tana kallo. Ta tambaye ni ko wurin da ruwa ya kayar da Abbanta yana da nisa. Na ce tafiyar safiya ce a jirgin ƙasa. Ta ce in an yi hutu in kai ta, tana so ta tsaya daidai inda ya tsaya. Ta ce, "Ka yi alkawari?" Na ce na yi. Ta kafe ni da ido irin na ubanta, ta ce, "Khalas?"

Jiya na je tasha na yanko tikiti uku.